Rufin Asiri Ko Ha'inci? Darasi Daga Chernobyl



Addini ya kwaɗaitar da mu rufa wa juna asiri. To amma yaushe ne rufin asiri yake komawa ha'inci?

A daren 26 ga Afrilu, 1986, tukunya ta huɗu a tashar nukiliya ta Chernobyl da ke Yukren, lokacin tana cikin Tarayyar Sobiyet, ta fashe ana tsakiyar wani gwaji. Da farko ma'aikatan da ke bakin aiki aka ɗora wa laifin. Daga baya ta tabbata ƙirar tukunyar kanta tana da aibi: sandunan da ake saukarwa don kashe ta, a wani yanayi sukan fara ƙara mata ƙarfi ne. Manya sun san da haka tun kafin haɗarin, amma ba a faɗa wa masu aikin ba.

Bayan fashewar ma aka sake yin shiru. Garin Pripyat da ke maƙwabtaka, mai mutum kusan dubu 50, ba a fara kwashe su ba sai bayan kimanin awa 36. Sai da na'urori a Suwidin suka gano gubar a ranar 28 ga wata, sannan hukuma ta yi magana. Daga baya dubban yara suka kamu da ciwon daji na maƙoshi, galibi saboda madarar shanun da suka ci gurɓatacciyar ciyawa.

Wani zai ce ai gudun firgita jama'a ne. Gaskiya ne, firgici ma yana ɓarna. Amma uwar da ta ba ɗanta madarar nan fa, wa ya yanke mata hukuncin cewa rashin sani ya fi mata alheri?

Annabi (SAW) ya taɓa sa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa, ya ji danshi a ƙasa. Bai rufa masa ba, ha'inci ya kira abin. Malamai kuma sun ce gargaɗin mutane daga cuta ba ya cikin gulma.

Ma'aunin dai ke nan: zunubin da ya tsaya kan mai shi, rufa masa. Aibin da wani zai cutu da shi, shirunka ha'inci ne.

Direban da ya san birkinsa ba ya ci, da mai kemis ɗin da maganinsa ya lalace, da maginin da ya rage siminti, kowa ya tambayi kansa: wa zai biya kuɗin shiruna?

Allah Ya sa mu zama masu riƙon amana. Amin.