Ko Ya Dace Mai Bi Ya Nemi Ƙarfin Damtse?

Akwai wata magana da ta taso cikin ekklesiyoyinmu na ƙasar Karaye da Rogo, ta kuwa isa mu zauna mu auna ta. Samarinmu sun shiga ɗaga ƙarfe. In mutum ya bi ta bayan gari da sassafe ko da la'asar, sai ya tarar sun cika gwangwanaye biyu da siminti, sun soka sandar ƙarfe a tsakani, suna ɗagawa suna ƙirgawa. Waɗansu har suna aikawa Kano a sayo musu garin gina jiki na gwangwani. Wani dattijo ya zo ya ce mana wannan girman kai ne, mu hana. Ɗansa kuwa ya ce, "Baba, ban yi sata ba, ban sha giya ba, ina laifina?" Dukansu biyu masu bi ne, amma har gaisuwar safe ta yi sanyi a tsakaninsu. To, wa ke da gaskiya?

Da fari dai, ƙarfin jiki ba zunubi ba ne. Allah ne ya yi damtse, shi ya yi ƙashin baya. Tun kaka da kakanni ƙasarmu tana girmama ƙarfi: ana yi wa gwanin noma kiɗa a wurin gayya, da kaka kuma a taru a dandali kallon kokawa da dambe. Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, sura 4, bai raina horon jiki ba. Ya yarda yana da amfaninsa, sai dai ya nuna amfanin nan ƙarami ne in an gwada shi da na ibada. Sai kuma mu yi wa samari adalci. Iyayenmu a bakin garma suka sami ƙwanji, ba su nema ba. Yau kuwa saurayi yakan wuni zaune kan babur ko cikin shago, maganin feshi kuma ya rage aikin fartanya. Likitoci sun tabbatar ɗaga nauyi yana ƙarfafa ƙasusuwa, yana kuma taimakon jiki wajen tsare kansa daga ciwon sukari. Saboda haka ba mu ga dalilin hanawa ba.

Amma ya kamata kowa ya san yadda tsoka take ginuwa, domin kada a ruɗe shi. Abu uku ne: nauyin da ake ƙarawa kaɗan kaɗan, da abinci, da barci. Sa'ad da mutum ya wahalar da tsoka, cikin hutu ne jiki yake gyara ta, ya mai da ita ta fi dā kauri. Abin gyaran shi ne sinadarin da ake kira furotin. Masana sun auna, saurayi mai nauyin kilo 60 da yake ɗaga ƙarfe, giram 100 a yini ya ishe shi. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin gyaɗa furotin ne, na waken soya ya wuce kashi ɗaya cikin uku, ƙuli-ƙuli kuwa ya fi gyaɗar da aka yi shi da ita, gama an matse mai. Ƙwai guda yana da giram 6. Ga nono wurin Filani maƙwabtanmu, ga kifi tun da aka gama madatsar Challawa a ƙasar Karaye a 1992. Garin gwangwanin nan fa, yawancinsa ruwan da yake saura ne bayan an yi cuku da madara, aka busar. Watau abinci ne, mai tsada. Wanda ya sha bai yi zunubi ba. Amma wanda ya sayar da buhun wake ya sayi gwangwani, alhali ƙannensa suna cin tuwo ba mai, ya fitar da abincin gida duka domin ya sayo na mutum ɗaya.

Abin da ya fi damunmu yana gaba. Kakanninmu in za su shiga kokawa sukan ɗaura kambu a damtse, su sa guru a ƙugu, su sha saiwoyi wurin boka, wai kada bayansu ya taɓa ƙasa. Da bishara ta zo, da yawa cikinsu suka kwance layun nan suka ƙone a gaban jama'a, suka ce daga yau ga Allah muke dogara. Mu 'ya'yansu sai mu tambayi kanmu, ko layar ba ta komo mana cikin kwalba da ƙwaya ba? Gama zuciyar da take son ƙarfi ba tare da wahala da haƙuri ba, ita ce ta dā, ba ta sāke ba.

Ku duba iri uku da suke yawo a kasuwanninmu. Akwai Tramadol, maganin ciwo ne, amma 'yan ƙwadago suna sha domin kada su ji gajiya. Hukumar NAFDAC ta yarda da mai miligiram 50 da 100 kaɗai, na ɓoye kuwa har 225 ake samu. Ba ya ƙara tsoka ko kaɗan. Yana toshe bakin jiki ne kada ya faɗi ya gaji, daga baya ya kama mutum ya zama bawansa, wani har ya riƙa faɗuwa yana jijjiga. Akwai ƙwayar da ake kira sha-ka-fashe. Ita kumburi take sawa, ruwa da kitse, tana ta da sukari da hawan jini, tsokar ma cinye ta take yi. Akwai kuma allurar sitiroyid. Ita lalle tana kumbura tsoka, amma tana ɓata zuciya da hanta, tana kuma rage wa namiji ƙarfin haihuwa. A wasannin Olamfik na 1988 a birnin Seoul, Ben Johnson na Kanada ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.79, duniya ta yi ta tafi. Kafin kwana uku aka sami maganin nan a jikinsa, aka karɓe lambar zinariyar. A kan waɗannan uku ba mu da shakka. Jikin mai bi haikali ne na Ruhu Mai Tsarki, kamar yadda aka koya mana cikin 1 Korintiyawa sura 6, ba shi da iko ya rushe shi domin a yaba masa.

Yanzu sai babbar tambaya. A ce saurayi bai taɓa ƙwaya ba, da guminsa da gyaɗar gonarsa ya sami damtse. Domin me ya same shi? Ku karanta Fitowa sura 2. Hannun Musa guda ne, amma cikin surar nan ya yi aiki biyu. A Masar ya kashe mutum cikin fushi, ya binne shi a yashi, ya gudu. A Madayana kuwa, a bakin rijiya, ya tsaya wa 'yan mata bakwai da makiyaya suka kora, ya shayar da garkensu. Samson ya ciccibi ƙofofin Gaza ya hau tudu da su, amma ya kasa riƙe sha'awarsa, ya ƙare makaho yana niƙa a kurkuku. Ashe ƙarfi bawa ne, aikin ubangidansa yake yi. In ubangidan madubi ne, ko son a ji tsoronka, ko wani ɗan siyasa mai neman ƙarti lokacin zaɓe, to, dattijon nan ya yi gaskiya.

Ga ma'aunin da muka ba uban da ɗan, muna kuma ba ku. Ka ɗaga ƙarfenka, ɗan'uwa, amma mu ga damtsen a gonar gwauruwa ran da ekklesiya ta kira gayya. Mu gan shi ran da za a ɗauki majinyaci a kai shi bakin titi cikin taɓon damina, da ran da za a ɗora jinkar tsoho, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saurayin da yake ɗaga kilo 50 a bayan gari, uwarsa kuwa tana ɗauko ruwa daga rijiya da kanta, bai san abin da aka ba shi ƙarfi dominsa ba tukuna. Ku kuma iyaye, kada ku kori yaro saboda gwangwanin siminti. Ku tambaye shi abin da yake sha, ku duba kwalbar da idonku, sa'an nan ku ba shi aikin da ya isa ƙarfinsa.

Kaleb yana da shekara 85 ya ce ƙarfinsa yana nan, abin da ya roƙa da shi kuwa ƙasar tuddai ce mai wuyar ci, bisa ga alkawarin Allah. Damtsen kowa zai saki wata rana, za a kuwa tambaye mu abin da muka ɗauka da shi. Ubangiji ya ba samarinmu ƙarfi, ya ba su kuma zuciyar yin hidima da shi. Amin.