NASIHA GA WANDA YA AJIYE AIKI DA SAURAN ƘARFINSA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai raba arziki tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, nasiharmu ta wannan fitowa tana fuskantar wasu bayin Allah da muke sahu ɗaya da su kullum a masallatan Tawa da Keita da Tamaske da Tabalak, wato waɗanda suka ajiye aikin albashi alhali ƙarfinsu bai ƙare ba. Lamarin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A ƙarshen shekarun 1990, bayan karyewar darajar sefa ta 1994, an yi dokar da ta sallami ma'aikacin gwamnati idan ya cika shekara 55 da haihuwa ko 30 yana aiki, sai ga malaman lakwal da yawa sun dawo gida suna ƴan shekara 50. A watan Maris na 2021 kamfanin Cominak ya rufe mahaƙarsa ta Akuta kusa da Arlit, ɗaruruwan ma'aikata suka sauka. Ga tsofaffin sojoji da jandarmomi, ga kuma ƴan cin-rani da suka daɗe a Abijan suka komo gida.

Abin tambaya shi ne, me mutum zai yi da sauran shekarunsa? Mun ga wasu sun mai da gindin bedi wurin aikinsu, daga hantsi har la'asar, ana dara ana cin naman mutane, ana jiran ranar fansho, alhali fanshon ba ya kai iyali ƙarshen buƙata. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya faɗakar da mu game da ni'imomi biyu da mafi yawan mutane ke tafka hasara a cikinsu, su ne lafiya da sarari. To, wanda ya yi ritaya da wuri an haɗa masa su duka biyun, kuma za a tambaye shi a kansu. A ƙarshen Suratu Alam Nashrah ma, Allah Ya umurci AnnabinSa da ya shiga wani ƙoƙari da zarar ya gama wani. Hukuma ce ta sallame ka, ya ɗan'uwa, amma Ubangijinka bai sallame ka ba tukuna.

Magabata sun bar mana misali. Abdurrahman ɗan Aufu (R.A.) ya isa Madina hannu wofi. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai ya yi masa addu'a, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai, ya faro daga cinikin cuku da man shanu har Allah Ya buɗa masa. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin wannan jaha tamu a 1754, ya danƙa tafiyar da mulki ga ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello a 1812, bai kai shekara 60 ba, ya duƙufa ga karantarwa da wallafa littattafai a Sifawa, sannan a Sakkwato, har rasuwarsa a 1817.

Babban abin da ke tare wa ƴan'uwanmu hanya shi ne jin kunya. Wanda aka saba ce wa "mushe" ko "kumandan" sai ya ga kamar ƙasƙanci ne a gan shi da hauya ko a bakin rumfa. Girman kai rawanin tsiya! Annabi Dawuda (A.S.) sarki ne, amma daga aikin hannunsa yake ci, Annabi Zakariyya (A.S.) kuwa masassaƙi ne. Wane muƙami ne namu da ya wuce nasu?

Ƙofofin halal kuwa a buɗe suke a Adar. Tun daga 1984 aikin raya karkara na Keita ya nuna cewa fako yana rayuwa idan aka tare ruwa da jerin duwatsu aka dasa itace, kuma manoman wajen Illela sun mai da ƙasar da aka fid da rai da ita gonakin hatsi ta hanyar haƙa tassa da zuba taki. Ga noman rani na albasa da tumatir a fadamu da bakin tabkin Tabalak, ga kiwon ragunan layya. Hadisi ingantacce ya sanar da mu cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi, sadaka ce gare shi. Wanda kuma hauya ta fi ƙarfinsa, ilminsa jari ne. Tsohon malami ya buɗe ajin yaƙi da jahilci, tsohuwar ungozomar likita ta wayar da kan matan unguwarta, tsohon ma'aji ya riƙa wa ƙungiyar manoma lissafi. Wanda aiki ya hana shi zuwa zaure a da, yanzu ya ɗauki Ahalari da Ishmawi da Risala ya zauna gaban malami.

Sai dai muna jan kunne a kan abu uku. Na farko, kada kuɗin sallama su ƙare a ƙarin aure da bukukuwa, domin ba su zuwa sau biyu. Na biyu, kada mutum ya zuba jarinsa duka cikin sana'ar da bai sani ba. Ya bi waɗanda suka riga shi ko da ƴaƴan cikinsa ne, ya fara da kaɗan, sannu ba ta hana zuwa. Na uku, ya san hukuncin ciniki kafin ya shiga kasuwa, kamar yadda Sayyidina Umar (R.A.) ya shardanta wa ƴan kasuwar zamaninsa. Ya nisanci riba da algus da tauye mudu. Idan zai ba wani kuɗi ya juya, su yi ƙirali bisa ƙa'ida, a yanka rabon kowa cikin ribar ciniki tun farko. Bashi kuwa a rubuta shi gaban shaidu, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan haka ta sauka.

Mu kuma sauran jama'a, haƙƙi ne a kanmu mu ƙarfafa musu gwiwa, mu saya a wurinsu, mu bar yi musu dariya. Imamu Ahmad ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya yi umurni ga wanda tashin Alƙiyama ya riska da dashen dabino a hannunsa, in ya sami iko, ya dasa shi. Ina uzurin mai shekara 50?

Allah Ya sa albarka cikin sauran kwanakinmu, Ya wadata mu da halal, Ya sa mu cika da imani. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.