Kakakin Fada da Kiɗan Taurari

A ƙofar fadar Sarkin Damagaram, cikin Birni, ba a busa kakaki a hankali. Tun zamanin Sarki Tanimun, aikin kakaki da algaita da tambari shi ne su cika gari da amo, kowa ya san mai ƙasa ya fito. Akwai kuma kiɗan da Turawa suka tsara don sararin samaniya, shi kuwa ƙasa-ƙasa yake tafiya. Gustav Holst, mutumin Ingila, ya rufe kiɗansa The Planets, wanda aka fara kaɗawa a Landan a 1918, da duniyar Neptune: mata na rera murya ba kalma daga wani ɗaki na gefe, ana tura ƙofa sannu a hankali har muryar ta ɓace. A ganina wannan sassaucin ɗan'uwan tafakkuri ne.

Masu ilmin falaki za su ce ai babu iska a can, saboda haka babu sauti, duk abin ƙage ne. Gaskiyarsu, sai dai kiɗan ba taurari yake kwaikwayo ba, halin mai kallonsu yake nunawa. Idan an ɗauke wuta a unguwar Zango, mutane na zaune kan tabarma, Kaza da 'ya'yanta ta tsaya bisa kai, muryar hira da kanta take sauka. Kakaki na kumbura mutum, sama kuwa tauye shi take yi.

Hujjar malamai ta fi nauyi. Wasu na ɗaukar kiɗa lahawu ne, kuma Holst kansa daga littattafan duba ya samo siffofin taurarinsa, abin da shari'a ta hana. Ba na musun asalin. Amma mai duba ce maka yake tauraro na kula da aurenka da kasuwarka, wato kai ne cibiya. Ƙarshen Neptune bai yi wa mai saurare alkawarin komai ba. Imam Gazali ma a Ihya ya auna sauraren kiɗa da abin da yake motsawa a zuciya. Inda na ba malamai gaskiya shi ne, ƙarshen Suratu Ali Imrana masu tunani kan halittar sammai ya yaba, saurayin da ya toshe kunne da waya cikin ɗaki kuwa bai ko leƙa tsakar gida ba.