Sabo Turken Wawa, Amma Wa Ya Kafa Turken?

Duk saurayin da budurwa ta juya wa baya, aka gan shi ya koma zuƙar sigarin da ya rantse ya bari, ba a rasa mai jifan sa da wannan magana a teburin mai shayi: sabo turken wawa. A kwashe da dariya, a miƙa masa ashana. Sau da yawa ma mai karin maganar shi ne mai ashanar.

Kiran sa wawa ya yi tsauri. Nikotin da ke cikin taba yana isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙu, kuma wanda ya daina yakan sha wuya a kwanakin farko, ga saurin fushi ga rashin barci, sai an yi makonni abin yake lafawa. Rabuwa ma ba ta bar jiki ba. A 2010 Helen Fisher ta Jami'ar Rutgers a Amurka da abokan aikinta sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 15 da masoyansu suka guje su. Da aka nuna wa kowa hoton wanda ya guje shi, sassan da suka motsa sun haɗa da waɗanda ke motsawa wajen masu kwaɗayin hodar iblis.

A dubi bayan sallar Isha'i. Lokacin ne da saurayin yake saka wankakkiyar shadda, ya tauna kanumfari don kashe warin taba, ya fesa turare, ya nufi zance. Yanzu an kai kuɗin auren budurwar daga wani gida, awannin zancen nan sun zama fanko. Ƙafa da kanta take kai shi wurin mai tireda. Dokar taƙaita shan taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, sai dai kwali guda, amma mai tireda bai fasa farke kwali ba, har bashi yana bayarwa. Kara a hannun dama, waya a hagu, yana leƙa WhatsApp ko ta sauya hoto. “Guda ɗaya kawai,” in ji shi. Haka ya ce jiya.

Binciken da Nicholas Christakis da James Fowler suka fitar a 2008, kan mutum fiye da 12,000 da aka bi sawunsu shekara 32, ya nuna rukuni-rukuni mutane ke barin taba: in aboki ya daina, yiwuwar ɗayan ya ci gaba tana raguwa da kashi 36 cikin ɗari. Ashe 'yan majalisar da ke masa dariya da hannunsu a kafa turken.

To amma kada uzurin ya yi yawa. Wannan saurayin ne fa ke yini tun daga asuba har magariba bai kunna ko ɗaya ba, wata guda cur, duk azumi. Mai iya wannan ba za a ce ba shi da kataɓus ba, ko da yake wani ko dabinon buɗe-baki bai gama haɗiyewa ba yake laluben ashana.

Masu ba da shawara sukan ce ya goge lambarta, ya sauya majalisa. Ta farkon tana yiwuwa. Ta biyun ce abin dubawa, domin wanda ya rasa budurwa kuma yake kokawar barin taba, abokan nan ne kaɗai suka rage masa da daddare, kuma babu tabbas zai iya rabuwa ta uku a wata ɗaya.