AJALI NA ALLAH NE, AMMA JINKIRIN KAI YARO ASIBITI NA WANE NE?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya saukar da cuta, Ya kuma saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya san Bahindi da sauran garuruwan fadamar Bagudo, ƙasar da Kogin Kwara ya ratsa, ya san damina tana zuwa musu da baƙi biyu, watau shinkafa da sauro. Ruwan da ke kwanciya ya raya shuka, shi ne kuma sauro ke hayayyafa a cikinsa. Daga tsakiyar damina zuwa kaka, ƙananan likkafani su kan yawaita, ana ɗauke da su a hannu ba a kan makara ba. In an dawo daga maƙabarta, maganar da ke bakin kowa ita ce kwana ya ƙare.

Wannan magana gaskiya ce, babu Musulmin da zai musa ta. Alƙur'ani ya tabbatar a cikin Suratu Ali Imrana cewa rai ba ya fita sai da izinin Allah, a lokacin da aka rubuta masa. Amma fa akwai gaskiyar da ake faɗa don a rufe bakin tambaya.

Binciken lafiyar jama'a da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa a Jihar Kebbi yaro 252 cikin kowane 1,000 ba su kai shekara 5 a duniya, watau kusan ɗaya cikin huɗu ke nan, kuma babu jihar da ta kai haka. A cikin wannan binciken an sami ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin yara 52 cikin 100 a Kebbi, alhali kuwa a Legas 2 ne kacal. Idan masana suka ce tsawon ran ɗan Nijeriya a ƙiyasce bai kai shekara 60 ba, ba duba suke yi ba, ba su kuma shiga gaibu ba. Lissafi ne na abin da ya riga ya auku, kuma mutuwar ƙananan yara ce ke jawo adadin ƙasa. To, Ubangijin Legas da na Kebbi ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne sababi.

Lokacin da Sayyidina Umaru ya nufi Sham, ya kai wani wuri da ake kira Sargu, sai labari ya zo masa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da sahabbai, ya yanke a juya. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara zai yi. Umaru ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddara ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe: ko ina ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su, amma mai hankali ya san gefen da zai nufa. Manomin Bahindi ya san wannan karatu ko bai taɓa buɗe littafi ba. Arzikinsa a rubuce yake kamar yadda ajalinsa yake a rubuce, duk da haka ya kan ci bashi ya sayi taki, ya zuba wa injin ban ruwa mai, ya yini korar tsuntsu. Ba a taɓa jin an ce imaninsa ya raunana ba. Me ya sa sai jikin ɗansa ya yi zafi sa'an nan tawakkali zai koma naɗe hannu?

Ga yadda abin ya kan kasance. Yaro ya kwana da zazzaɓi. Maigida ya tafi cin kasuwar Lolo ko ya ƙetara Jamhuriyar Benin, uwa kuwa ba ta fita sai da izini, ba ta da ko sisi a hannu. A jiƙa saiwa, a karɓo rubutu. Kwana na uku yaro ya fara jijjiga, idanu su kakkafe, sai a ce iska ce ta shafe shi. Kafin a sami babur ko kwalekwale, tafin hannunsa ya yi fari fat, jini ya ƙare. Alhali ciwon nan da ɗigon jini daga ɗan yatsa ake gane shi, magani na kwana 3 kuma yana kashe shi idan an fara da wuri.

Babu mai hana tofi da addu'a, sunna ce. Amma Annabin da ya yi tofi, shi ne ya yi ƙaho ya biya wanzami ladansa, shi ne kuma ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'abu mai magani da ba shi da lafiya. Malam Abdullahi na Gwandu, wanda Bagudo ke cikin masarautarsa, da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk sun yi wallafa a kan magunguna. Ba su fi kowa sanin ƙaddara ba ne?

Saboda haka ya wajaba ga magidanci, kafin ya yi tafiya, ya bar wa iyalinsa izini a buɗe na zuwa asibiti dare ko rana, ya bar kuɗin mota. Gidan sauron da aka raba a rataya shi a kan yara, kada a kewaye lambu da shi. Tun watan Disamba na 2024 aka fara allurar rigakafin wannan zazzaɓi a jihohin Kebbi da Bayelsa kafin sauran jihohi, kyauta, ana yi wa yaro a wata 5, da 6, da 7, sa'an nan a cika a wata 15. Ba ta hana ciwon ɗungum, amma tana rage tsananinsa, sai dai wanda ya karɓi ɗaya ya bar uku bai gama ba.

Hukuma ita ma tana da nata kason tambaya ranar gobe. Ɗakin shan maganin da aka gina aka bar shi ba ma'aikaci da dare, da hanyar da ruwa ke yankewa kowace shekara, duk amana ce a wuyan wanda aka damƙa wa dukiyar jama'a. Kafin su farka, jama'ar kowane masallacin Juma'a suna iya ware wani abu daga sadakar da ake tarawa, a ajiye hannun amintacce, a san mai babur ɗaya da mai jirgi ɗaya waɗanda za a buga wa ƙofa ko da tsakar dare ne, a biya su daga wannan asusu.