Yabon Kai ko Faɗin Gaskiya?

Kwanakin baya, bayan sallar lisha, wani yaronmu na nan Sabo ya tsaya ya same mu da fayil a hammata. Ya gama digirin dakta, wata jami'a ta buga sanarwar neman malamai, yana so ya nema. An ce ya kawo takardar tarihin karatunsa da ayyukansa, da shaidar bautar ƙasa, da sunayen malamai uku da za su shaide shi, da jerin binciken da ya wallafa. Abu biyu ne suka dame shi. Na farko, mahaifinsa ya ce masa ɗan mutunci ba ya zama ya lissafa alherin kansa. Na biyu, binciken da ya wallafa guda biyu ne kacal, wani abokinsa kuma ya ce idan ya ba da wani abu za a saka sunansa a wasu uku da bai san ma abin da ke cikinsu ba.

To, mu ’yan kasuwa ne, da idon kasuwa muka dubi maganar. Idan mai goro ya buɗe huhu ya ce wa mai saye wannan ɗan Shagamu ne, sabo ne, ba tsutsa, alhali haka ɗin ne, ai ba wanda zai ce ya yi alfahari. Bayani ya yi. Amma in ya jera manya a sama ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, sunan wannan algus. Takardar neman aiki ma huhu ce.

Game da na farko, muna girmama Alhaji, amma ba mu tare da shi. Annabi Yusuf, alaihis salam, da bakinsa ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar, ya kuma ambaci riƙon amanarsa da saninsa, saboda jama'a na bukatar wanda ya iya. Masu intabiyu ba su san ɗan wane ne kai ba, abin da ka rubuta shi za su gani. Tun 1916 muke zaune a unguwar nan, Jami'ar Ibadan ta zo ta same mu a 1948. In yaranmu suka ci gaba da sunkuyar da kai a inda ya kamata su yi magana, yaushe za mu ga namu a gaban aji?

Na biyun kuwa, babu kwana-kwana, ha'inci ne. Wani zai ce ai kowa na yi, in bai yi ba mai yi zai wuce shi. Wannan magana tana da nauyi, don mai yiwuwa ne ƙwarai ya rasa aikin. Amma a duba wanda za a cuta. Akwai wani ɗan talaka da ya kwana yana rubuta nasa da guminsa, shi za a ture. Akwai ɗaliban da za su zauna gabansa shekara da shekaru. Kuma aikin jami'a tsani ne, daga ƙaramin lakcara har farfesa kowane mataki da rubuce-rubuce ake hawansa. Wanda ya sayi na farko, da me zai hau na biyu? Ranar da ya kama ɗalibi da satar amsa, da wane baki zai yi masa faɗa?

Abin da muka ce masa shi ne: “Ɗana, rubuta biyun nan naka, ka bayyana su sarai ba tare da jin kunya ba. Ka shirya yadda in an tambaye ka kowane shafi za ka amsa. In an ɗauke ka, albashinka halal ne. In ba a ɗauke ka ba, ka ƙara na uku da hannunka ka sake nema.”

Mu iyaye kuma, a daina tambayar yaro “ka samu?” kaɗai. A riƙa haɗawa da “ta yaya ka samu?” Allah ya ba yaranmu mafi alheri, amin.