Ɓarawo, Haifarsa Aka Yi Ko Koya Ya Yi?

Ran kasuwa, in aka ji kururuwa, "Ɓarawo! Ɓarawo!" nan da nan kowa ya kan bar abin da ya ke yi. Mahauci ya aje wuƙa, ɗan koli ya tsallake kayansa, a bi da gudu. In an cim masa, galibi sai a ga saurayi ne wanda ko gemu bai ajiye ba. Kafin 'yan sanda su iso, maganganu sun kaure. Wani ya ce gado ne, ubansa ma haka ya ke. Wani ya ce yunwa ce. Wata ta ce miyagun abokai ne suka ɓata shi. Wani dattijo kuma ya ce hukunci ne ya yi sauƙi a zamanin nan. Kowa ya faɗi tasa, a watse.

To, waɗannan maganganu huɗu da a ke yi a bakin kasuwa, su ne dai masana suka shafe fiye da shekara ɗari biyu suna aunawa. Har abin ya zama fanni mai zaman kansa, watau ilmin binciken laifi. Alƙali shi ke tambayar wa ya aikata, wane hukunci kuma ya dace da shi. Mai wannan ilmi kuwa abin da ya ke nema shi ne dalilin da ya sa aka aikata, da yadda za a yi kada a sake. Ya kamata a ɗauki maganganun nan ɗaya bayan ɗaya, a ga abin da bincike ya nuna.

A fara da maganar dattijo. A Ingila, wajen shekarar 1800, laifuffukan da a ke rataye mutum a kansu sun kai wajen 200. Ko kayan sule biyar mutum ya sata a kanti, doka ta ce a kashe shi. Amma sata ba ta ƙare ba. Da ya ke hukuncin ya wuce kima, sau da yawa mai kaya ya kan ƙi kai ƙara, masu taya alƙali yanke shari'a kuma su kan rage kuɗin kayan da gangan don kada a ɗauki rai. Ta haka ɓarayi da yawa suka riƙa kuɓuta. Tun a 1764 wani saurayi mutumin Italiya, Cesare Beccaria, ya rubuta ɗan littafi a kan laifi da hukunci. Ya nuna cewa tabbacin kamu da saurin shari'a sun fi tsananin azaba hana mutum ɓarna. Binciken da aka yi daga baya ya ƙarfafa maganarsa. Wanda ya tabbata ba za a kama shi ba, ko kusa ba ya lissafin girman hukunci.

Sai maganar gado. Masu iya magana sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A 1876 wani likita, shi ma Ba'italiye, mai suna Cesare Lombroso, ya fito da littafi yana cewa akwai mutanen da aka haifa da laifi a jikinsu. Ya yi ta awon kawunan fursunoni, ya ce a kan gane su da faɗin muƙamuƙi, da manyan kunnuwa, da dogayen hannuwa. Mutane da yawa suka gaskata shi. Amma wani likitan gidan kurkuku a Ingila, Charles Goring, ya ɗauki shekaru yana awon fursunoni wajen 3,000, ya gwama su da sojoji da ɗaliban jami'a. A 1913 ya bayyana cewa bai sami wata kama ta musamman da ta raba mai laifi da sauran jama'a ba. Ashe dai mugu ba shi da kama. Lalle mutane sun bambanta tun daga haihuwa, wani mai zafin zuciya ne, wani mai sanyi. Amma zafin zuciyar da ya kai wani kurkuku, shi ne ya mai da wani jarumin soja. In kuwa aka ga ɗan ɓarawo ya yi sata, ya kamata a tuna cewa ba jini kaɗai ya samu daga ubansa ba, a gabansa ya girma yana ganin abin da ya ke yi.

Ta uku ita ce yunwa. Babu mai musun cewa matsi ya kan tura mutum. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya dakatar da haddin sata a shekarar fari, watau ta 18 bayan Hijira, domin ya san halin da mutane su ke ciki. Amma talauci kaɗai bai isa bayani ba. A 1827 gwamnatin Faransa ta soma buga lissafin laifuffukan ƙasar na kowace shekara. Wani masanin lissafi na ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya duba lissafin nan da kyau. Ya ga yawan laifi bana kusan daidai ya ke da na bara, ya ga kuma samari ne suka fi yi. Abin mamaki, waɗansu lardunan da suka fi talauci suna cikin masu ƙarancin sata. Inda ta fi yawa shi ne wurin da matalauci ke zaune gefen dukiya yana kallo, ko inda mutum ya faɗi daga wadata zuwa rashi farat ɗaya. Banda wannan, a 1939 wani malamin Amurka, Edwin Sutherland, ya jawo hankalin masana ga manyan mutane masu sata da alƙalami a ofis. Su ba yunwa ta sa su ba, abin da su ke ci kuwa ya ninka na ɗan sane sau da yawa.

Ta huɗu, maganar abokai da unguwa, ita ce ta fi samun shaida. A birnin Shikago na Amurka, waɗansu malamai biyu, Shaw da McKay, suka ɗauki taswirar birni, suka sa alama a gidan kowane yaron da aka kai gaban shari'a cikin shekaru masu yawa. A 1942 suka bayyana abin da suka gani. Alamomin sun cunkushe a tsofaffin unguwanni kusa da tsakiyar birni da masana'antu, inda baƙi ke sauka. Da Jamusawa da mutanen Ailan ke zaune a can, laifi na da yawa. Da suka tashi 'yan Italiya da 'yan Folan suka maye gurbinsu, laifi bai ragu ba. Waɗanda suka ƙaura zuwa unguwanni masu natsuwa kuwa, sai laifin 'ya'yansu ya ragu. Watau cutar tana cikin yanayin zama, inda maƙwabci bai san maƙwabci ba, babu kuma babban da zai tsawata wa yaron da ba nasa ba. Shi ma Sutherland ya koyar da cewa laifi koyonsa a ke yi kamar kowace sana'a, daga wurin waɗanda a ke cuɗanya da su. Yaro ya kan koyi dabarar, ya kuma koyi hujjar da zai kwantar da zuciyarsa da ita. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Akwai abu na biyar wanda ba a cika ambatonsa a bakin kasuwa ba, shi ne samun dama. A 1979 Cohen da Felson suka nuna cewa kafin a yi sata sai abu uku sun gamu: mai niyya, da abin ɗauka, da rashin mai tsaro. In ɗaya ya ɓace, ba a yi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

To, a nan ne tambaya mai nauyi ta ke. In tarbiyya da unguwa da matsi su ke tura mutum, ashe ba a zalunci mai laifi ba da aka hukunta shi? Amsa ita ce a'a. Ko a unguwannin nan na Shikago da suka fi ɓaci, akwai yara masu ɗimbin yawa da suka girma ba su taɓa kayan kowa ba. A birnin Filadelfiya kuma an bi sawun yara maza wajen 10,000 waɗanda aka haifa a 1945. Rahoton 1972 ya nuna cewa 6 cikin 100 kaɗai ne suka aikata fiye da rabin laifuffukan da aka rubuta. Yanayi ya kan sa hanyar gaskiya ta yi wa wani wuya fiye da wani, amma ba ya toshe ta. Wanda ya miƙa hannu, shi ya miƙa, alhakin mai kaya kuwa yana wuyansa. Wanda ya ce wa saurayi ba shi da zaɓi, ya raina shi, ya kuma cire masa tsammanin gyaruwa.

Sanin dalili bai wanke ɓarawo ba, sai dai ya ƙara yawan waɗanda za su amsa tambaya. Akwai uban da bai san inda ɗansa ya kwana ba. Akwai maƙwabcin da ya gani ya kau da kai. Akwai ɓarawon zaune, mai sayen kaya da araha alhali ya san asalinsu. Akwai ma'aikacin da ya karɓi toshiya ya saki wanda aka kama, har yaran unguwa suka fahimci cewa doka ta mai kuɗi ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bincike ya kuma nuna abu mai sanyaya rai. Galibin samarin da suka taɓa laifi su kan bari da kansu in sun girma, musamman waɗanda suka sami sana'a tsayayya da aure mai kyau. Saurayin nan da aka kama a kasuwa, in aka miƙa shi ga shari'a ya karɓi hukuncinsa daidai da laifinsa, sa'an nan ya fito ya sami maƙeri ko tela da zai riƙe shi, mai yiwuwa ne nan da shekara goma a gan shi magidanci. In kuwa taro ya rufe shi da duka har rai ya fita, an aikata laifin da ya fi nasa, unguwar da ta raine shi kuma tana nan yadda ta ke, da ƙannensa a ciki.